Zaren da Ya Ƙi Tsinkewa

Duk wanda ya saba fitowa daga asibitin koyarwa na Gyadi-Gyadi ya san Ƙasimu mai adaidaita sahu, wani dogo marar son surutu da ke jigilar ma'aikatan jinya zuwa Tarauni da Hotoro. Abin da ba kowa ya sani ba, ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin dam ɗin Tiga, kuma zaman birni bai raba shi da fatsa ba. Ranar Lahadi sai ya ajiye babur, ya bar matarsa Kulu tana mita, ya kama hanyar gida.

A kan zare kuwa, Ƙasimu ba ya jin shawarar kowa. Karfasa da tarwaɗa, siririn zare ya ishe su. Amma tsage, mai haƙora kamar zarto, ya sha datse masa zare ya tafi da ƙugiya, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya warware wayar birkin babur, ya ɗaura taki guda a gaban ƙugiya, ya haɗa da zare mafi kauri da ya samu a Sabon Gari. Tsofaffin ƙauyensu sukan ƙulla ɗan siririn zare a tsakani, don in kifi ya fi ƙarfin mutum ya tsinka ya yi gaba. Ƙasimu ya ce wannan dabarar ragwaye ce.

Wata Lahadi da hantsi yana tsaye a kan wani dutse, ruwa iya gwiwa, ya naɗe zaren a wuyan hannunsa na dama kamar yadda ya saba, sai ya ji an fizge shi. Ba tsage ba ne, giwan ruwa ne, irin wanda bai taɓa gani ba. Kafin ya gama salati ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Zaren ya nutse a naman hannunsa. Wuƙarsa tana can cikin buhu a bakin ruwa, ga shi ba kowa a kusa. Ya kai haƙori, zaren ya tsaga masa leɓe. Tsoro ya kama shi, ya shiga roƙon Allah ya tsinka abin da shi da kansa ya zaɓa don kada ya tsinke. Can ƙafarsa ta rabu da dutsen.

Ba ƙarfinsa ne ya cece shi ba. Kifin ne ya juyo, zaren ya yi sako-sako, ya warware shi da hannun hagu, ya rarrafo waje yana aman ruwa.

Fiddausi, ma'aikaciyar jinyar da yake kaiwa gida kullum, ita ta riƙa wanke masa raunin. Duk zuwa tambayarsa ɗaya ce: "Malama, hannun nan zai sake murɗa totur kuwa?" Ya murɗa, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa har yau.

Bai daina fatsa ba, taurin kai ai ba ya barin mai shi. Da ya koma Sabon Gari, mai shago ya miƙo masa irin zaren da ya saba saye, yana yabon ƙarfinsa. Ƙasimu ya ja da baya.

"A'a, Alhaji," ya ce. "Ba ni wanda in na ja zai tsinke."