Yatsun Goggo Indo da Wankan Jariri

"Ku mayar da ƙwayoyin nan inda kuka samo su," in ji Goggo Indo, ƙanwar mahaifina, tana fuskantar bango.

Amosanin gaɓɓai ya murɗe yatsunta kamar saiwar gawo. A garinmu Barkiya kuwa, duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, hannunta ne ke yi masa wankan farko. Da ciwon ya tsananta, sai muka daina kiranta saboda tausayi. Tun daga nan ta bar fita, ta rage ci, daga bisani ta ƙi magani.

Muka kai ta asibiti a Dutsin-Ma. Likita ta duba yatsun, ta ce, "Goggo, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"To, ya zuciya?"

Goggo ta ce, "Ɗiyata, an haihu a gidanmu, a bakin maƙwabta na ji."

Likita ta bayyana mini cewa wannan ciwo da ciwon damuwa sukan tafi tare, kowanne yana ƙara wa ɗayan nauyi, kuma kowanne yana buƙatar kulawarsa.

Makon jiya matar ƙanena ta sauka. Aka kira Goggo, aka shimfiɗa mata tabarma kusa da baho, wata 'yar'uwarmu Hinde ta riƙe jaririn. Ina daga zaure na jiyo muryarta: "Ke Hinde, tallabe mashi wuya, ba tulu ba ne!" Da aka kammala, da kanta ta nemi ƙwayoyinta.

Mun tausaya wa yatsu, muka bar mai su cikin kaɗaici. A cikinku, wa ke da majinyacin da jikinsa kaɗai ake tambaya?