Jan Wasalin Shamuwa

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar aminina Alhaji Lawan, Allah Ya jiƙansa da rahama. Kabarinsa yana Kano, ni kuwa ina nan Guangzhou inda ya bar ni. Ba ni kaɗai ya bari ba. Akwai wani jirgin ruwa fari, irin mai tafiya da iska, a ɗaure a tashar jiragen shaƙatawa can kudu da gari, inda kogi yake haɗuwa da teku. Kuma akwai mutumin da jirgin yake hannunsa. A kan waɗannan biyun nake son in yi magana, domin na daɗe ina kishi da su, kuma mutuwa ba ta raba mu ba.

Unguwarmu ɗaya da Lawan, malami ɗaya ya koya mana baƙi da wasali. Shi hannunsa bai zauna a rubutu ba, ni kuma kaina bai zauna a ciniki ba, sai kowa ya bi abin da Allah Ya hore masa. Da ya kafu a nan sai ya aiko mini. Shi yana yini a kasuwar Canaan yana zaɓen tufafi, ni ina ɗan ofishinmu a titin Huanshi Lu ina rubuta sunayen masu kaya a jikin dila da ajami, saboda masu sauke kaya a Maraɗi da Kano sun fi gane shi. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Dengfeng, a saman wani shagon waya. Lahadi tamu ce mu biyu. Ya tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa miyar kukar da baƙi suka kawo mana tsaraba, mu ci, mu dafa shayi, ya yi ta zuba har la'asar. Lawan akwai surutu. Alaramma yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

A haka muke sai Tan ya shigo. Ɗan China ne mai ɗinka wanduna, abokin cinikin Lawan, dattijo mai ƙarancin magana. Wata Lahadi ya ɗauke shi zuwa teku. Da yamma Lawan ya dawo, gishiri ya bushe masa a gemu, ya zauna bai ko cire takalmi ba.

Ya ce, "Alaramma, ka taɓa jin shiru kuwa?"

Na ce, "Ina ji mana, duk ranar da ka fita."

Ya yi dariya, amma ba irin dariyar da na saba ji ba. Tuwon da na tuƙa da kaina ranar, loma biyu ya yi masa.

Ba a rufa shekara ba suka haɗu suka sayi wani tsohon jirgi. Takardunsa da sunan Tan, a gefensa kuma an rubuta masa suna da rubutun China kamar yadda hukuma take so. Tun daga nan Lahadi ta bar hannuna. Ba wai ba a gayyace ni ba. An yi, har an gaji. Amma ni ruwan da na sani shi ne na buta da na kududdufin unguwarmu, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Har yau ban taɓa taka jirgin nan yana kan ruwa ba.

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin amininsa ya yi sabon aboki da furfura a ka ba. Abin da ya fi sosa mini rai ma ba tafiyar ba ce. Ranar da Lawan ya ji cewa Tan yayyensa duk mata ne, sai ya raɗa masa Tanko. Sunan ya bi shi, har 'yan Nijar na ofishinmu suna ce masa Lawban Tanko, wato maigida Tanko da harshen China, shi kuma yana amsawa da "na'am". Ni ban taɓa kiransa da shi ba. Ina ganin sunan gida ba abin rabawa a kasuwa ba ne. Na sha zama bayan sallah in tambayi kaina ko wannan hassada ce, in nemi tsarin Allah daga gare ta. Amma ban taɓa fatan jirgin ya nutse ba, ban yi wa Tan fatan sharri ba. Lahadina kawai nake so.

Rana ɗaya nake da ita a shekara. Akwai wani lokaci a garin nan da bango yake gumi, tufafi su yi funfuna a cikin akwati. In ya wuce, kafin manyan guguwar teku su soma, sai a samu 'yan kwanakin rana. A lokacin ake fito da jirgi tudu a yi masa gyaran shekara. Wata ƙugiya ce take zura masa manyan ɗamaru biyu a ƙarƙashin ciki, ta ɗaga shi kamar an saɓa yaro, ta ajiye shi a kan ƙafafun ƙarfe. A nan za ka ga abin da ruwa yake ɓoyewa: gansakuka, da wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar katantanwa, sun manne wa cikinsa ko'ina, ga ƙarni. Sai a wanke da ruwa mai ƙarfi, a kankare, a goge da samfefa, a shafa fentin da yake hana su komawa. A sauko da manyan ƙyallayen da suke kama iska, a ɗauraye gishirinsu, a shanya, a bi ɗinkin da ya saki. A canza igiyar da ta tsufa, a juye wa inji baƙin mai. Akwai kuma wani ɗan curin ƙarfe da ake ɗaurawa kusa da farfela, aikinsa kawai gishiri ya ci shi don kada ya ci farfelar. Duk shekara a cire shi ya rududduge, a sa sabo.

Lawan da hannunsa yake wannan aikin. Mutumin da ba ya iya wanke tukunyar tuwo sai na yi magana, ga shi kwance a ƙarƙashin jirgi yana kankara, fenti har a kunne, yana murna kamar ranar sallah.

A gyaran farko ne ya ce da Tan, gefen jirgin na hukuma ne, amma baya nasa ne. Ya kira ni ya ce in rubuta masa suna da ajami. Ya so in fara da Bisimilla, na ƙi. Na ce wurin da ruwan datti zai fantsama, kuma baɗi a kankare ya zube a ƙasa a tattaka, ba wurin sunan Allah ba ne. Ya yarda. Sunan da ya zaɓa shi ne Shamuwa, domin daidai lokacin ne take sauka a gida, yara suna ɗaga kai suna cewa damina ta zo.

Na yi masa yadda aka koya mana. Baƙi tukuna: shin da ɗigonta uku, alif, mim, wau, alif. Sai a jira ya bushe. A wannan jiran muke sallar azahar a inuwar jirgin, mu sha shayi, Lawan ya yi ta zuba kamar muna Dengfeng. Sannan in buɗe ɗan gwangwanin jan fenti in ɗora wasali. Tan yana tsaye daga gefe, hannu a baya, yana kallo. Ya taɓa tambayar me ya sa launi biyu. Lawan ya ce masa, "Baƙin nan gangar jiki ce, Tanko. Jan shi ne murya. In babu shi sunan yana nan, amma ba ya magana." Duk shekara sai rubutun ya koɗe a rana da gishiri, duk shekara sai an kira ni. A wannan rana ɗaya, jirgin da masu jirgin duk ni suke jira.

A gyaransa na ƙarshe, a kan gwangwanin fenti Lawan ya zauna, bai iya riƙe abin kankara ba. Kafin ya tafi gida jinya ya bar wa Tan rabonsa na jirgin kyauta, a gaban shaidu, don kada ya zama abin magana a gado. Ni ɗaya ne daga shaidun. Ni kuma ya bar mini butar shayinmu. Ina amfani da ita kullum, kuma na san ba ni da abin da zan yi da rabin jirgi. Duk da haka ranar na koma ɗaki na daɗe ina kallon butar nan.

Da Lawan zai dawo yau, ban san me zai ce da Xiaobei, yankin da 'yan Afirka muke taruwa, ba. Mutane sun ragu. Gidan abincin da muke cin masa ranar Juma'a ya koma shagon caja. Alhazan da a da suke zuwa da kansu su murza yadi a tsakanin yatsu, yanzu daga Maraɗi suke cewa a haska musu da waya. Zai yi faɗa, na sani, zai ce wanda bai taɓa kaya ba bai saya ba. Sannan ya tambayi Shamuwa kafin ya tambaye ni. Wannan ma na sani.

Bayan rasuwarsa Tan bai fasa kirana ba. Da lokaci ya yi sai waya ta yi ƙara: "Malam, sannu. Shamuwa." Shi ke nan maganar. In hau jirgin ƙasa in tafi. Mu yi aikin ba hira, domin mai hirar ba ya nan. Sai dai hannu ba ya tsayawa inda aka bar shi. Bara nawa ya yi rawa. Alif ɗin ƙarshe ya karkace kamar turken da akuya ta ja.

Bana da na isa, na zagaya bayan jirgin da jakata a hannu, sai na tarar an riga an rubuta. Baƙin yana nan, ya bushe. Na tsaya ina neman kuskure, Allah Ya sani da gaske na nema. Babu. Haƙoran shin a jere, cikin mim a zagaye, alif a miƙe kamar liman a gaban sahu. Hannuna ne, har da yadda nake jan wutsiyar wau, amma ya fi nawa kyau, ko a lokacin da nake da ƙarfi.

Tan ya fito daga ƙarƙashin jirgin. Da Turancinsa na kasuwa da 'yar Hausar da Lawan ya bar masa, ya gaya mini yadda aka yi. Tsofaffin garin nan suna da wata al'ada, su tsoma dogon buroshi a ruwa su yi rubutu a kan daɓe, ya bushe, su sake. Haka ya shekara yana yi a simintin tashar, yana kallon hoton rubutuna a waya, yana koya wa hannunsa tafiya daga dama zuwa hagu.

Na ce, "To ai ka gama. Me kuma ka kira ni in yi?"

Ya ce, "Meyo," wato babu, a'a. Ya shiga ya fito da ɗan gwangwanin jan fenti, ba a ko buɗe shi ba. Sai a lokacin na lura babu wasali ko ɗaya. Ya ce, "Jiki na iya. Murya ba tawa ba ce."

Ban karɓa nan take ba. Na zauna a kan gwangwanin da Lawan ya zauna, na yi tambayar da na yi shekara da shekaru ina haɗiyewa. Na ce, "In kun fita can tsakiyar ruwa, me yake ce maka?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Ba ya cewa komai. In an kashe inji sai ya yi shiru. Wani lokaci har mu dawo."

Wannan ta fi rubutun zafi. Tun muna yara nake sauraron Lawan, har na ɗauka babu wani lungu a cikinsa da ban shiga ba. Ashe ni surutunsa ya ba ni, shirunsa kuma ya kai wa wani. Ya gaya mini tun ranar farko, ni kuma na mayar da abin wasa.

Na yi azahar ni kaɗai a inuwar jirgin, na yi wa Lawan addu'a. Sannan na buɗe gwangwanin. Wasali gajere ne, ba ya bukatar dogon numfashi kamar alif, hannu mai rawa ma yana iya shi. Na ɗora na bisa a kan shin, rufu'a a kan mim, na bisa a kan wau. Tan ya matso ya nuna da yatsa daga dama, ya karanta a hankali, "Sha-mu-wa."

In aka ce in auna abin da ya rage na Lawan, ba shi da yawa. Shagonsa wani ne a ciki. 'Ya'yansa sun kama wata sana'ar. Sai buta, da jirgi, da tsofaffi biyu waɗanda kowanne yake riƙe da rabin da ɗayan bai samu ba, kuma ba mu da harshen da za mu yi musaya. Ba zan ce kishin ya tafi ba. Yana nan yana rududdugewa a hankali kamar curin ƙarfen nan na kusa da farfela, kuma na fara zaton ranar da ya ƙare, ranar ce zan soma mantawa da Lawan.

Da ƙugiya ta mayar da jirgin ruwa, Tan ya tsaya a ciki ya miƙo mini hannu, kamar yadda yake yi duk shekara. Na girgiza kai, kamar yadda nake yi duk shekara. Ya kunna inji ya juya, bayan jirgin ya fuskance ni, baƙinsa da jana. Na ɗaga murya na ce, "A sauka lafiya, Tanko." Ya waiwayo, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na'am."

Allah Ka gafarta wa Lawan, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa shirun da yake ciki yanzu ya fi wanda ya samu a teku daɗi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.