Tsohuwa a Gindin Falwayar Jirgi

A wata tashar jirgin ƙasa da ke bayan garin Melbourne, wata tsohuwa mai jar hula tana zaune kan kujerar da ta ɗauko daga gida. Ta jingina da tsohuwar falwayar ƙarfen da ta riƙe wayar jiragen lantarki na farko. Ma'aikata sun zo yanke falwayar, sun yi cirko-cirko.

"Mama, matsa mana," in ji shugabansu. "Tsatsa ce kawai ta rage."

"Ni ma tsatsar ce, ɗan nan. Fara ta kaina."

Wataƙila mahaifinta ne ya kafa falwayar, ba ta dai faɗa ba. Ta buɗe fulas tana kurɓar shayinta a hankali. Ko tayi ba ta yi musu ba.