Ragowar Takwas na Mushe Abdulwahabu

Shekara talatin Mushe Abdulwahabu ya yi yana koyar da lissafi a lakwal ɗin Dumega, makarantar bokon garin, inda ake ce wa malami Mushe. Da ya ajiye alli sai gari ya ba shi wani aiki: in an yi mutuwa, aka taru za a ja wa mamaci hailala dubu saba'in, shi ke raba wa kowa nasa kason.

Yana son lambar nan kamar ɗiyar cikinsa. Yakan ce lambobi hamsin ne ke raba ta ba ragowa. In mutum goma sha huɗu suka zo, kowa dubu biyar. In talatin da biyar ne, dubu biyu-biyu. Amma ba ta jituwa da uku, ko tara, ko sha ɗaya. In aka samu irin wannan taro, ragowar shi ke ɗauka, kuma ba a taɓa bin sa a ji ko ya ja ba.

Ƙanensa Nuhu ya rasu ana tsakiyar shuka, mutane duk suna gona. Sha uku kaɗai suka zauna. Mushe ya zana a ƙasa da tsinke: kowa dubu biyar da ɗari uku da tamanin da huɗu, saura takwas. Ya ce takwas ɗin nasa ne.

Ya ja kasonsa tas. Da ya zo kan takwas ɗin sai ya tuna ciyawar gambar iyaka da Nuhu ya tuge, ya ci masa taki biyu a gonar gado. Ya maida carbi aljihu, ya shafa fatiha tare da jama'a.

Damina uku ke nan. Takwas, abin da ba ya cin numfashi biyu. Sau tari yakan buɗe baki, gambar ta faɗo masa a rai, ya fasa. Ya taɓa gwada zancen ga Rashid, ɗan ƙanwarsa mai shago a Dogondutsi, Rashid ya ce ai dubu saba'in ɗin ma ba ta da asali, kawu ya kwantar da hankalinsa. Bai ji sauƙi ba. Shi ya san abin da ya yi nufi ran nan.

Wata rana da hantsi ya iske Sahura, matar marigayin, tana sussuka, ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa.

Ta jingina taɓarya. "To Yaya, mi ya hana ka ja su yanzu?"

"Na gwada."

"Kan taki biyu?"

Ta ɗaga hannu, ta ja takwas ɗin a gaɓoɓin yatsunta, a fili, yana ji. Ta ɗauki taɓarya.

"Sun cika. Ka gaida gida."

Ya jima a tsaye, bakinsa na motsi, amma ba sauran abin da zai biya wa Nuhu.