Takalmin Inna a Layin Zaɓe

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu a firamaren garinmu Kiyako. An kwana ana ruwa, filin makaranta duk taɓo, amma tun hantsi ya cika da mutane saboda ranar zaɓe ce. A lokacin ƙato bayan ƙato ake yi. Babu akwati, babu dangwale, sai dai a ɗaga hoton ɗan takara a jikin sanda, duk mai sonsa ya bi layi a bayansa, a ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya. Maza da layukansu biyu a gindin darbejiya, mata da nasu biyu a jikin ajinmu, ni kuwa ina yawo tsakani da farantin ƙuli-ƙuli a ka. Babanmu, Malam Sabo, shi ne wakilin jam'iyyarsa a wurin, yana bin bayan malamin zaɓe yana ƙirge da baki. Ina cikin ciniki sai idona ya faɗa kan wani takalmin roba a layin matan ɗaya jam'iyyar. Mai takalmin ta lulluɓe da wani shuɗin mayafi da ban taɓa gani ba, ko hancinta ba a hangowa. Amma takalmin na san shi, domin ni na liƙe igiyarsa da wuƙa mai zafi kwana uku kafin nan. Na ruga na kama hannunta, na ɗaga murya iya ƙarfina: "Inna! Kin yi ɓatan kai! Ba nan ne layinmu ba, ga layin su Baba can!"

Ni dama a gida Rediyo ake ce min, don ba abin da ke kwana a cikina. In akuya ta ci dusar maƙwabta, ni zan fara kai labari. In yayana ya gudu daga makarantar allo ya tafi wanka a kududdufi, kafin ya bushe gida ya ji. A ganina ranar nan taimakon Inna na yi, har ina jiran ta sa min albarka.

Ba wai ban san Baba da Inna ba sa jituwa a kan siyasa ba. Da wannan muka tashi, sai dai mu wasa muka ɗauke shi. Inna 'yar Kwandiko ce a ƙasar Gwaram, kuma mahaifinta, Kaka Ilu, tun yana saurayi ya sha ɗauri da bulala a kan ra'ayinsa, har tabon yake nuna mana a gadon bayansa. Inna takan ce da wannan ra'ayi aka yaye ta. Baba kuwa gani yake mutanen su Inna surutu kawai suka iya, taki da hanya sai a wajen nasa mutanen. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga gona ya jingine fartanya, sai ya rataye rediyo a ƙusar rumbu ya zauna a kan turmi. Inna tana tankaɗe, mu muna ɓarar gyaɗa ko muna carafke da 'yan duwatsu a gefe. Da an sako ɗan jam'iyyar Baba sai Inna ta ce, "To, ga masu ƙoshi sun fara." In aka sako nata, Baba ya ce, "Ƙaro murya, mu ji yau me za a raba mana a baki." Wani lokacin musun yakan yi zafi har tuwo ya kama, amma ban taɓa ganin an tashi ba a yi dariya ba. Baba yana kiranta Shugabar Adawa, ita kuma in ta ajiye masa kwano sai ta ce, "Ga rabon gwamnati."

Abin da Inna ta fi so a duniya shi ne zuwa Kwandiko. Sau biyu muke zuwa a shekara, bayan ƙaramar salla da kuma in an gama yankan dawa. Mukan fito Birnin Kudu mu hau a-kori-kura ta 'yan kasuwa, a cusa mu tsakanin buhuna da kaji, Inna ta riƙe ƙullin daddawa da kuka da ta yi wa tsohonta. Kaka Ilu yana da 'yan shanu, don haka a can ne kawai nake shan fura da kindirmo har in ture ƙwarya. Da safe in bi 'yan uwa mu kai maruƙa bakin rafi, mu dawo da ƙafafu duk ƙaya. Inna kuwa, macen da a gida ba ta zama, a can sai ta miƙe ƙafa a gaban mahaifinta tana gyara masa farce, suna ta hirar siyasa kamar wasu abokai. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, cikin iyayenta shi kaɗai ya rage mata.

To, ranar da na kama hannun Inna a layi, sai filin nan ya ɓarke da dariya. Inna ba ta fita daga layin ba. Ta dai matse yatsuna har na ji zafi, ta tsaya aka ƙirga da ita. Wani ɗan jam'iyyar su Baba, mai bakin tsiya, ya ce da ƙarfi, "Malam Sabo, ashe ko a gidanka ba ka kawo akwati ba!" Wani ya ƙara da cewa ai daga Kwandiko ake aiko mata da umarni. Na ga fuskar Baba ta canja, gumi yana bin wuyan rigarsa. A gaban mutanen nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Wallahi ba za ta ƙara taka Kwandiko ba sai an gama zaɓen nan gaba ɗaya, har na shugaban ƙasa."

Bai dake ta ba, bai zage ta ba, ni ma ko harara bai yi min ba. Da yamma dai ya cire rediyo daga ƙusar rumbu ya kai zaure, kuma ba ta sake shigowa cikin gida ba. Tsakar gidanmu ta koma sai ƙarar taɓarya da kukan kaji. Inna ta ninke shuɗin mayafin ta sa a ƙasan adaka. Suna gaisawa, tana ba shi abinci, yana ba da cefane, amma ba Shugabar Adawa, ba rabon gwamnati.

Mun zaci abin na wata biyu ne ko uku. Sai aka shiga ɗaga zaɓe, yau a ce wata kaza, gobe a ce an soke 'yan takara a sake sabon lale. Aka yanke dawa, ba mu je ba. Inna ta yi daddawarta kamar kullum, ta ba wani direba ya kai. Ƙaramar salla ta zo ta wuce. Da bazara ta kama, ƙanin Inna ya zo a kan keke ya ce tsoho ba lafiya, ƙafafunsa sun kumbura. Ina wanke-wanke a bakin rijiya na ga Inna ta durƙusa a gaban Baba tana cewa, "Malam, ka yi kaffara mana. Ni zan daka hatsin da za a ciyar." Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Saura 'yan makonni a yi zaɓen, Hauwa. In na karya yanzu, da wane ido zan kalli mutane?" Ta tashi ta shige ɗaki.

Bayan kwana goma sha ɗaya aka sake aikowa. Wannan karon Baba bai yi maganar rantsuwa ba, shi ya fita da gudu neman mota, takalminsa ma ƙafa daban-daban. Muna isa Kwandiko muka tarar maza suna dawowa daga maƙabarta. Inna ta shiga ɗakin mahaifinta, ta ga ƙullin daddawarta a rataye, an ci rabi. A nan ta zauna, kuma ban taɓa jin mutum ya yi kuka mara sauti irin na ranar ba. Baba ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, hawaye na bin gemunsa.

Zaɓen da aka jira an yi shi, aka soke shi, ba a daɗe ba sojoji suka rushe jam'iyyun duka biyu. Hotunan da aka bi layi a bayansu, da su muka riƙa ƙunshe ƙuli-ƙuli. Mai bakin tsiyar nan kuwa, da siyasa ta dawo, jam'iyyar mutanen su Inna ya shiga, har da hula.

Baba da Inna sun zauna tare shekara ashirin da wani abu bayan haka, lafiya lau a idon mutane. Baba bai ƙara karɓar wakilcin kowa ba. Duk shekara shi ke kai Inna Kwandiko da kansa, ya biya maƙabarta kafin ya shiga gari. Amma ban ƙara jin sun yi musu a kan siyasa ba, kuma ni wannan shirun ya fi min faɗa ciwo.

Bayan rasuwar Baba, muna kwashe kayan adaka, sai ga shuɗin mayafin, har yanzu da karin ninkinsa. Na ce, "Inna, ki yafe min. Ni na tona miki asiri a wajen Baba." Ta karɓi mayafin ta shafa, ta yi wani ɗan murmushi. Ta ce, "Wane asiri? Ai shi ya sayo min shi a kasuwar Birnin Kudu. Cewa ya yi, in na ga shuɗi zan ƙirga in wuce, ke dai kada ki ɗago kai." Ta ce takalmin ma sai da ya ce ta ari na maƙwabciya, ita ce ta ga ba wanda zai kalli ƙafa.

Yanzu ni ma na kai shekarun da Inna take a lokacin, har na wuce. Ina koyarwa a Birnin Kudu, kuma Allah da ikonsa, ni da maigidana ra'ayinmu bai taɓa haɗuwa ba. Yau mutum shiga yake bayan ɗan kwali ya dangwala abinsa, ba mai ganin ƙafarsa. Amma ga waya a hannun kowa, ina ganin 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Mu dai a gidanmu na kafa ƙusa a jikin bango, a nan rediyo take. Mukan yi musu har abinci ya huce, in ya ce min Shugabar Adawa, don na ba shi labarin, sai in yi dariya, wani lokacin kuma in shiga ɗaki in goge ido. Abu ɗaya na roƙe shi tun farkon aurenmu, duk abin da zai faɗa ya faɗa min a tsakar gida, kada ya rantse a gaban mutane.

Mayafin yana wajena. In na buɗe adaka na gan shi, sai in tuna mutum biyu da suka san yadda za su zauna da juna, da wata yarinya mai farantin ƙuli-ƙuli da ta zo gyara musu layi. Da ma ranar nan sama na kalla.