Ranar da Surukina Ya Duba Min Ruwa

Ba wa auduga ruwa a hawasha, wato gonar da hukuma ke ba manomi a Jazira ta ƙasar Sudan, yana da tsari, kuma ni ba na wasa da tsari. Da farko ka buɗe bakin abu ishirin, wato magudanar da ke kawo ruwa daga babban rami zuwa gonarka. Na biyu ka ciro farar auduga daga aljihu ka jefa a kan ruwan. Na uku ka bi ta da ido ka ga saurinta. Na huɗu ka rage bakin ko ka ƙara. Wanda ya tsallake na biyu, sauran ba su da amfani a gare shi.

Dalili shi ne ruwan damina a Jazira launinsa ɗaya, kamar kunun da ya kwana. Da safe, rana tana kaikaice, za ka ga ɗan haske da ɗan duhu suna bin juna a samansa, ka san tafiya yake. Da tsakar rana kuwa ba inuwa ko ɗaya a kansa. Ido ba ya kama tafiyar abu sai fari ya gusa a kan baƙi, ko baƙi a kan fari. In babu wannan, ruwa yana gudu, kai kana rantsuwa yana tsaye.

A shekarata ta biyu da samun hawasha kusa da Wad Haddad, surukina ya zo daga Mai Wurno duba 'yarsa da ta haihu. Dattijo ne da ya yi rayuwarsa duka a bakin kogi, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin ruwa ba. Ranar da rabon ruwana ya zo, ya ce zai raka ni. Audugata a lokacin ganye huɗu gare ta. Irin wannan in ruwa ya kwanta mata sai ta yi rawaya ta mutu, kuma mufattishi, mai duba gonaki, in ya ga haka yana iya miƙa hawashar ga wani.

Muka isa rana ta take. Na buɗe bakin daidai yadda na saba. Kafin in kai hannu aljihu, dattijon ya riga ya tsaya a bakin magudanar, hannu a ƙugu.

"Wanga ruwa ya mutu," in ji shi.

Ya tsinci busasshen karan dawa, mai launin ruwan sak, ya jefa. Ya ƙura ido. Karan ya ɓace masa nan take.

"Ka gani? Ko motsi. Kawo fartanya."

To, a wurinmu mutum ba ya musu da suruki. Ba ya ma kallon idonsa. Na miƙa fartanyar da hannu biyu, ina kallo ya sare madatsar da na yi, ya faɗaɗa bakin har sau biyu.

Maƙwabcina na hawasha, wani tsoho mai baki da suka yi ƙuruciya tare da surukin nawa, yana zaune ƙarƙashin bagaruwa. Tunda ba dama in yi wa dattijon magana, sai na ɗaga murya na nufi maƙwabcin.

"Baba, kai ruwanka yau yana tafiya?"

"Nawa yana tafiya. Naka kuwa ai ka kawo mishi sarkin ruwa, mi kake tambaya ta?"

Surukina ya juya, ya daka masa kira irin na Larabawan Sudan. "Ya zol, rufa muna baki. Kai da ka tsufa kana shan ruwan rami, mi ka sani?"

"Na san ƙasan gonar surukinka ya fara sheƙi."

"Zufa ce a idonka."

Na duba. Kunyoyin da ke can ƙasa sun fara cika. Na yi tunanin in ciro audugar aljihuna, amma jefa ta a gabansa daidai yake da ce masa bai iya ba. Sai na sunkuya kamar zan wanke fuska, na girgiza kai, farar hulata ta faɗa ruwa. Hular da aka ɗinka min ta suna ce, kwana tara da ita. Ta kama hanya kamar an aike ta kasuwa.

Mu uku muka bi ta da ido. Dattijon ya shafa gemu.

"Iska ce," ya ce.

Maƙwabcin ya miƙe har sandarsa ta faɗi. "Wace iska? Ga babbar rigarka nan tana kaɗawa kudu, hula ta nufi arewa. Ko iskar Mai Wurno da baya take tafiya?"

Surukina ya dubi rigarsa, ya dubi hular da ta kusa kai ƙarshen gona. Ya miƙo min fartanyar ba tare da ya dube ni ba.

"Toshe. Tun ɗazu na ga kamar ya yi yawa."

Na toshe. Na shiga laka har gwiwa na fasa kunyoyin ƙasa don ruwan ya fita. Dattijon ya zauna wajen abokinsa suna ci gaba da zagin juna, yana faɗin ruwan Jazira munafuki ne, yana tafiya yana nuna maka yana kwance.

Bayan kwana huɗu kunya goma sha ɗaya suka yi rawaya. Na tuge su na sake shuka kafin mufattishi ya zagayo. Da ya zo ya tsaya a kan sabuwar shukar, ya tambaye ni wa ya ba wa gonar ruwa. Na ce ni ne. Ya ce in na sake, zai ba wa wanda ya san aiki. Na ce to, na gode.