Mai Kama Mini Daro

A ajin yaƙi da jahilci na Kura, inda na shiga da furfurata, malamar Turanci ta kwashe yini tana koya mana yadda Bature ke cewa kaya ya yi wa mutum yawa. Maganar wanda aka labta wa lodi kamar jaki daban, ta wanda nauyi ya danne daban, ta wanda damuwa ta sunkuyar ita ma daban. Na kwafe su tsaf. Ban ji komai ba. A makon aka binne faccalata.

Tare muke turara shinkafa. Daron shinkafar da ta sha ruwa mutum ɗaya ba ya ɗora wa kansa, sai an kama masa. Wuya ɗaya gare ka, ranar da ya tafi sana'a ta tafi. Ita ta san ni. Ba ta ɗagawa sai na gyara gammo, na ja numfashi, na ce to.

"Yaya, wannan wuya naki na raƙumi ne," haka take tsokanata.

"Ɗaga, uwar surutu."

Da aka share makoki na koma bakin tukunya, shinkafar mutane ba ta san an yi rasuwa ba. Wata maƙwabciyarmu da ta taso daga Kumbotso ta gan ni tsaye kan daro.

"Haba Iya, ke kaɗai? Kawo in kama miki."

Ban ce mata ta jira ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ban ma san abin faɗa ne ba. Baiwar Allah ta sunkuto daron da ƙarfinta, ta dire mini a ka kafin in miƙe wuya. Na ji ƙas.

"Ya zauna?"

"Ya zauna."

Na bi gefen kanal ɗin ban ruwa har wurin shanya, ban sauke ba. Washegari hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa. A asibiti suka ce ni da ɗaukar kaya har abada. Na ce to.

Tukwanen na bar wa 'yar marigayiya. Yanzu zama nake bakin shanya ina korar awaki. Hannun ya dawo, ban da yatsu biyu. Kwanaki na tsoma su a ruwan zafi ban sani ba, sai da na ga fata ta tashi.